Kili a Ɗakin Banda

"Lahiya lau, sai zahin garinku. Wai ke har yanzu kina nan? Na ɗauka mutuwa ta daɗe da biyowa ta tungag ga."

"Ta biyo. Tat tambayi mijina, nic ce ya gudu Arewa tun shina yawo ba wando, tac ce to bari ta ƙyale ni in jira shi. Zamna, maigida. Ina Barira?"

"Tana gaishe ki. Ta ce in duba in da sauran haƙori bakinki, in ba ki goro."

Bunyaminu ke nan da kakarsa Iyatu, wadda ta haifi uwarsa Barira. Lokacin Nasara bai daɗe da kafa tuta a Illo ba, Faransi kuma suna nan tsallaken iyaka. Bunyaminu ya tashi can Arewa wajen Kangiwa, inda iska take a bushe, sanyi kuma ke sa mutum kwana da wuta. Yanzu yana so ya dawo Illo da zama saboda cinikin gishiri da goro. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, shi ne Kili, farin dokin da ya raina da hannunsa tun yana ɗan duƙushi a bayan uwarsa. Kowa ya san bakin kogin Kwara ba ƙasar doki ba ce. Ga zafi mai gumi, ga ƙudan tsando mai kashe dabbobi. Doki ya zo da ƙibarsa, damina guda ya rame, ta biyu a ja shi daji. Don haka yaron ya yi ta yawo gari gari yana neman inda zai ajiye Kili, har ya ƙetare kogi ya iso tungar masunta inda tsohuwar ke bandar kifi. Ya ɗaure dokin a gindin giginya, ita kuwa tun da ya sauka idonta na kan dabbar, ba kan jikan ba.

"Wanga ɗan maraƙi hwa?" in ji Iyatu. "Sadakina ne kak kawo?"

"Sadakinki kan tarwaɗa guda ne, shi ma an yi tsada. Wanga shi a Kili. In ya hita da hantsi, mata har tuntuɓe sukai."

"Tsoro na. Sun ɗauka likkahwani ya tashi da kainai. To mi ya hana ka barci? Ga idonka kamar na kihin jiya."

"Wurin aje shi nika nema, Kaka. Na je Zagga, wani ya gwada min barga mai kyau, an share, an zuba yashi. Sai nig ga turaku sun hi dawaki yawa. Nic ce ina masu turakun ga? Yac ce Allah ya yi musu cikawa."

"Ka gode mai, bai yi ma ƙarya ba."

"Nit tahi Sharabi. Wannan ko sauka ban yi ba shina tambayata, in dokin ya mutu, hwatar tawa ce ko tashi?"

Iyatu ta yi dariya har ta dafa ƙasa. Bunyaminu bai yi ba. Ya ce a Bagudo kuma shawara aka ba shi ya kai Kili ƙasar Faransi ya sayar tun yana da nama a jiki, shi kuwa gara ya fasa Illo da cinikinta baki ɗaya.

"To ka kawo shi nan," in ji ta.

"Ina?"

"Nan. Wurina."

"Kai! Linzami ya hi ƙarhin bakin kaza. Ke da ba ki san komi ba sai tarwaɗa da giwan ruwa? Hala ki tsire shi da tsinke ki ɗora bisa wuta?"

"Rainin hankali ya hi sata ciwo. Ni da nib ba kakanka Ɗanmusa abinci har ya mutu da tumbinai, doki guda za ya gagare ni? Gunyan kakan naka ma wa ka riƙonai?"

"Wane Gunya?"

"Gunya nawa ka sani? Mai tsagaggen kunne, wanda kakanka ka aza ka bisa gaban sirdinai kana yi mai hitsari."

"Dokin mai baki ya hi gudu. Tsohuwa, tsuhwa ya taɓa ki. Inna ta hwaɗa muna da bakinta, shekarar da Kaka Ɗanmusa yar rasu sojan Faransi sunka biyo, sunka kwashe dawakin bakin kogi duka, har da Gunya. Yau shekara goma sha wani abu. Ko ba su ɗauke shi ba, wane doki ka shekara goma nan inda tsando ka sallama kahin shi ciji mutum?"

"Shina nan. Da sahe ma ya ci ciyawar burugu dami guda, yat tambaye ni ko mijin nan nawa mai kan gwanda ya yi hankali."

"Hala kuma ya ja ku sallar asuba?"

"Da ya ja, da ya hi ka karatu."

Ana cikin haka iska ta juyo daga wajen ɗakin banda, wani dogon ɗakin laka a bayan gida wanda hayaƙi ke tsiyaya ta jinkarsa. Kili ya ɗaga kai, ya miƙe kunnuwa, ya buɗe hanci. Sai ya saki haniniya.

Daga cikin ɗakin nan na kifi aka amsa masa.

Murya ce ta tsoho, a dushe, amma ko kurma ya san ta doki ce. Wallahi bakin Bunyaminu, wanda tun isowarsa bai huta ba, ya tsaya a buɗe. Iyatu kuwa ta ci gaba da tsire kifinta kamar ba ta ji komai ba.

"Ka ji, ko? Gani ya kori ji. Tashi ka gaida na gaba da kai."

Ya tashi ya tura asabarin ƙofa. Da farko bai ga komai ba sai duhu da jan garwashi, da layin kifi a bisa raga suna ɗigar da mai. Hayaƙi ya cika masa ido. Can ƙuryar ɗakin, bayan wani zana, ya ji ana tauna ciyawa. Ya matsa. Ga doki a tsaye, bayansa ya ɗan lotsa don tsufa, amma haƙarƙari ko ɗaya ba ya nunawa. Jikinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Bunyaminu ya ce a ransa wannan ba Gunya ba ne, Gunya launin madara gare shi. Sai dokin ya juyo da kai, ga kunnen hagu a tsage. Ya shafa wuyansa, tafin hannunsa ya fito baƙi, inda ya goge kuma ga gashin nan mai launin madara a ƙarƙashi. Dokin ya sa hanci a ƙirjinsa ya hura masa numfashi mai ɗumi. Mamaki da tsoron ikon Allah suka kama shi, sai ya ɗau salati.

"La'ilaha illallahu! Kaka, shi na. Wallahi shi na."

"A'a, tarwaɗa ce," in ji Iyatu daga bakin ƙofa.

"Ƙaƙa anka yi haka?"

"Ba wayona ba ne, kada ka ɗora min. Randa munka ji sojan nan na tahe, kakanka bai yi arba'in ba. Mutane sunka kai dawakinsu kurmi sunka ɓoye. Ni mace, ina nika zuwa? Nij ja shi nis sa nan, niz zuba ɗanyen itace ga wuta. Wani soja ya leƙo, hayaƙi ya mare shi, ya hita shina tari shina zagina da yarensu. Nic ce in bar shi kwana kaɗan ƙura ta lahwa. Damina tas sauka, waɗanda sunka tsira cikin kurmi tsando ya gama da su ɗaya bayan ɗaya. Nawa ko atishawa. Nan nig gane abin da ka korar soja shi ka korar tsando."

"Bai hita ko kaɗan?"

"Da asuba, kahin tsando shi tashi. In kai shi kogi shi sha, shi yi birgima, shi miƙe ƙahwa. Rana na ɗagowa mun komo."

"Kuma ko Inna ba ki hwaɗa ma ba?"

"Uwarka? Bakinta kasuwar Illo na. Da na hwaɗa mata, da yanzu Nasara na bisanai. Tungag ga kowa ya sani, amma masunta wurin kihi sunka koyi magana."

Bunyaminu ya dubi tafin hannunsa, ya leƙa waje ya hango Kili yana ƙyalli a gindin giginya. Nan fa hankalinsa ya tashi ta wani ɓangaren.

"Tsaya, Kaka. Wato Kili ma haka za shi koma? Baƙi? Shina warin banda?"

"Wata guda ya ishe shi. Kyanwa ta riƙa bin ku har kasuwa."

"Dokin da nika wankewa da sabulun salo!"

"Zaɓi. Hwari cikin rami, ko baƙi bisa turke. Ga mai hwata can Sharabi shina jiranka, shi kam hwarin shika so."

Sannan ya tambaye ta abin da za ta karɓa a wata, dawa ko gishiri ko zane.

"Lauje," in ji Iyatu, muryarta ta sauya, wasan ya fita daga cikinta. "Bayana ya ƙare, Bunyaminu. Bana da jan gindi nika yanko mai burugu. Tsohon doki sai mai shi, mai shi kuwa ta kusa. Kullum nika tunanin in na kwanta, wa ka hura mai wuta. In ka aje naka, ka yanka ma biyu. Randa ba ni, ka riƙe biyu."

Tun yana yaro bai taɓa jin ta kira sunansa na yanka ba. Ya fita ya kwance Kili, ya cire masa sirdi da linzami, ya shafi farin wuyan nan sau ɗaya, ya ja shi zuwa ƙofa. Kili ya turje, ya yi tsaki da hanci. Tsohon ya ƙara kira daga ciki, sai ya sunkuyar da kai ya shiga.

Da Bunyaminu ya fito, ya zazzage goron aljihunsa duka a kan zanen kakarsa, ya ɗauki laujen da ke rataye a danga, yana dariya.

"Kin ci, amarya. Ga sadakinki, ga angonki ya koma ɗan ciyawa."

"Goron ya yi kaɗan, amma na yahe. To mi ne wannan ga huskarka? Ƙato da gemu kana kuka?"

Ya goge ido da hannun riga, hannun rigar ya yi baƙi. "Wane kuka? Hayaƙi na."

"I, hayaƙi na," in ji Iyatu, ta ɓare goro ta miƙa masa rabi. "Ni ma tun da kakanka yat tahi, kullum nis shiga ɗakin nan, haka nika ce ma mutane."