Takabar Gimbiya

Har yau akwai tambayar da na kasa amsawa: me ya sa mutumin da muka yi shekara arba'in da 'yan kai tare ya ƙare maganarsa ta duniya a kan kyanwa? Ba ni da karatu, faɗa nake ana rubuta mini, amma abin da ya faru ranar sadakar arba'in ɗin mai gidana Malam ba zai fita raina ba sai ranar da ƙasa ta rufe idona.

Kyanwar sunanta Gimbiya. Malam ya tsinto ta tana 'yar mitsitsiya a bayan rumbunmu a Sheme, shi ya raɗa mata sunan, kuma shi kaɗai yake ba ta abinci. Busasshen kifi yake marmasa mata a murfin kwano, ko gishiri babu. Ni kuwa kullum sai na ce masa wannan ai rowa ce.

Da Allah Ya karɓi abinSa na shiga takaba, sai Gimbiya ta dawo hannuna. Na ce marainiya ba za ta ci gayan kifi a gidana ba. Kullum sai na soya mata shi da manja, na yanka albasa manya biyu, na daka tafarnuwa, daidai yadda Malam yake so a nasa kwanon. Ina yi ina kuka, rabi na albasa, rabi na mai gidan.

Kwanaki kaɗan sai ta canza. Ta bar bin ɓera, ta koma kan buzun Malam ta kwanta, numfashinta sama-sama. Ta lasa abinci ta kau da kai. Nan na yanke hukunci cewa ita ma takaba take yi. Duk wadda ta zo gaisuwa sai na nuna mata, na ce ga dabba ta fi wasu mutane sanin rashi. (Da wannan maganar har na zungure wasu dangi da suka makara zuwa, Allah Ya yafe mini.) Labari ya kai har Mairuwa, mata suna zuwa kallon kyanwa mai takaba.

Sai ga Rabi, 'yar ƙanin Malam, wadda ta karanci likitancin dabbobi. Bayan mun gaisa ta tsuguna ta ɗaga leɓen Gimbiya. Dasashin da ya kamata ya zama ja ya koma fari kamar ƙullun koko. Ta tambaye ni kalar fitsarinta, na ce ja-ja ne kamar ruwan shayi, ai baƙin ciki yana yin haka. Ba ta musa mini ba. Ta ɗebi jini kaɗan a ƙafarta cikin 'yar kwalba, ta ce za ta kai gwaji.

Ranar sadakar arba'in ta dawo da takarda, tsakar gida cike da mata. Ta so mu shiga ɗaki mu biyu. Ni da bakina na hana, na ce ta karanta kowa ya ji boko ma ya shaida.

Ta ce jinin Gimbiya ya ragu ƙwarai, ƙwayoyin da ke sa shi ja suna fashewa, shi ya sa dasashi ya yi fari, numfashi ya yi gajere. Ta ce irin wannan ɓacin yawanci wani abu ne ake ci. Sai ta tambaye ni me nake ba ta. Na gyara zama na lissafa, har da yawan albasar, ina kallon mata don su ji irin riƙon da nake yi wa amana.

"Inna," in ji Rabi, murya ƙasa, "albasa da tafarnuwa guba ne ga kyanwa. Da an ƙara mako guda, da ta bi Malam."

Sai Hajiya Ladi maƙwabciyata, wadda muke tsokanar juna tun muna amare, ta ce, "To Hajara, Malam dai ya jure girkinki shekara arba'in. Ita baiwar Allah ko kwana arba'in ba ta kai ba."

Aka yi dariya a gidan makoki, har da masu hawaye. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, na rasa ko kunya ce ta fi ko tsoro.

Rabi ta yi wa Gimbiya allura, ta bar magani, ta ce daga yau kifi zalla da ruwa mai tsabta. Gimbiya ta tashi. Yanzu kowace safiya sai na ɗaga leɓenta na duba kafin na duba tukunya. Na kuma gane cewa in dabba ta ƙi abinci, likita ake kira, ba 'yan kallo ba.

Abin da ban faɗa wa matan nan ba shi ne an gargaɗe ni. Ranar da Malam zai cika, bayan azahar, na zauna kusa da shi ina jira ko zai ce ya yafe mini, ko ya bar mini wani sirri. Ya kalli Gimbiya a bakin ƙofa, ya kalle ni, ya ɗan yi murmushi.

"Hajara, ga ta nan. Kifi kawai. Kada ki sa mata komai, na san hannunki."