Ranar da Aka Ritsa Ni a Rumbun Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi kalmar shahada a zaune kan damin gero, da rana tsaka, da raina da lafiyata. Har yau in na ji ƙaurin barkono sai gabana ya faɗi.

Shagon cajin waya gare ni a wani ƙauye kusa da Makoda. Zaman shago ne ya sa na fara abin nan da 'yan boko ke kira fodkas, wato hirar da ake naɗa a waya, murya zalla babu hoto. Na raɗa masa suna Zaman Dakali. Abokaina na Kano sun yi ta cewa in ba ka nuna fuska ba, babu mai kula ka. Ni kuwa na san mutanenmu. Manomi hannunsa na kan fartanya, mai tuƙa tuwo idonta na kan tukunya, ɗan acaɓa yana kallon hanya, kunne ne kaɗai ke zaman banza. Ga bidiyo da cin data kamar gara. (Abin da ban faɗa musu ba shi ne, ni matsoraci ne na gaske. Ko a wurin suna aka ce in shafa fatiha sai muryata ta kama rawa.)

Shiri ya karɓu fiye da zatona. Ana ta tura shi daga waya zuwa waya, wasu kuma su zo shagona in sa musu a memori, ina ce musu daga birni ake turo min. Na taɓa shiga motar Ɗambatta direba ya kunna shi, fasinja suna ta ƙyalƙyala dariya, ni kuwa na lumshe ido kamar mai barci.

Mutum biyu ne a shirin, da mai tambaya, da wani tsoho mai suna Baba Na-Dakali, wanda babu abin da yaran zamani za su yi ya yaba. Duka biyun ni ne. Shi kuwa tsohon, Allah ya yafe min, surukina na kwaikwayo, Malam Sale, mahaifin matata Hadiza. Na ɗauko tarinsa, na ɗauko yadda yake jan "to, to, tooo" kafin ya ƙaryata mutum. Wasu a garinmu sun ce tsohon nan kamar Malam Sale, amma da yake kowane ƙauye suna cewa kamar wani tsohonsu ne, maganar ba ta je ko'ina ba. Wannan fa mutumin da tun daga nesa nake cire masa takalmi ne, ban taɓa ko kurɓar ruwa a gabansa ba.

Matsalata ɗaya, wurin naɗa. Ɗakina rufin kwano ne, murya tana amsa-kuwwa, ga injin niƙa a maƙwabta, ga zakaran da bai san lokaci ba. Hadiza ce ta kawo shawara, tana dariya: "Ka shiga rumbun Baba mana. Ko ihu ka yi a ciki, gero zai shanye." Ita da wasa ta faɗa, ni na ɗauka da gaske. Rumbun ƙasa ne babba a bayan gidansu, kuma duk ranar kasuwar Ɗambatta Malam ba ya yini a gari. Sai in lallaɓa in hau tsani, in ɗaga jinka, in zura ciki in mayar da ita. Muryar da ke fitowa daga nan, ko gidan rediyo albarka.

Abin da na ƙi sa wa a lissafi shi ne, a shekarar ɓarayin hatsi sun addabi garin. An fasa rumbuna, kuma maza sun yi rantsuwa cewa duk wanda aka kama sai dai uwarsa ta haifi wani.

Ranar ina tsakiyar musu da kaina a kan takin zamani, mai tambaya na tambaya, tsoho na faɗa, sai na ji ƙurrr, an janye tsani. Daga waje na ji muryar surukata, Inna, ashe gero ta zo ɗiba.

"Wallahi su biyu ne," in ji ta, "da yaro da babba. Da kunnena na ji su suna shawara."

Kafin in yi wani tunani sai sawun mutane ta ko'ina, da ƙarar gorori ana buga su a ƙasa. Ɗanladi mahauci, wanda kowa ya san ba ya tambaya kafin ya kai duka, ya ɗaga murya: "Kada wanda ya leƙa, ƙila suna da wuƙa. A kawo kasko da garwashi, a zuba barkono. Da ƙafarsu za su fito."

Sai kuma na ji wani tari. Tarin na ainihi. Ashe mota ce ta cika ta bar Malam, ya fasa kasuwar.

Jama'a, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. In na yi shiru, barkono da gora. In na yi magana, ga suruki a rumbun surukinsa, kuma a garinmu wannan suna ba ya wankuwa. 'Ya'yana za su tashi ana nuna su da baki, Hadiza kuwa ko a ranar za a iya cewa ta tattaro kayanta. Na lalubo waya in kira ta, babu sabis ko ɗigo. Kaurin bangon da nake yabo shi ya juya min baya.

Aka ɗaga gefen jinka da sanda, aka turo kaskon a bakin rumbu. Hayaƙin ya sauko min. Na yi kalmar shahada, na toshe hanci da hula, na daure, na daure, har numfashi ya gagara.

"Baba, ni ne!"

"Kai wa?" in ji Malam.

"Mai caji ne, Baba. Mijin Hadiza."

Aka mayar da tsani, na fito ido jawur, majina da hawaye sun haɗe, ƙaiƙayi ya bi min jiki. Na tsuguna a gaban Malam ban ɗago ba.

"Ɗayan fa?" in ji Ɗanladi.

Na ce babu wani ɗaya. Ya hau ya leƙa da kansa, bai ga kowa ba, ya sauko ya ɗaga gora: "Inna ba ta ƙarya. Ina ka ɓoye shi?"

Hanya ɗaya ta rage min. Na danna wayar na ajiye a ƙasa. Muryar Baba Na-Dakali ta tashi raɗau: "To, to, tooo, yaran yanzu ku da kuke noma da buhu..." sannan ya yi tarin nan nasa. Daidai lokacin sauran hayaƙin barkono ya shaƙe Malam, shi ma ya yi tari. Babu abin da ya raba su.

Inna ta dafe ƙirji. "Malam, ai kai ne!"

Dariya ta ɓarke. Ɗanladi ya yar da gora ya riƙe ciki, wani yana cewa ai shi dama ya faɗa. Malam bai yi dariya ba. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki ya ce, "To, to..." sai wurin ya sake kecewa, har da masu faɗuwa ƙasa. Ya rufe bakinsa. Da aka lafa ya dube ni, a hankali ya ce:

"Yaro, da geron ka ɗiba, da sai in ce ni na ba ka, a rufe maganar. Wannan kuwa ta yaya za ka mayar min?"

Ban kwana da sunan ɓarawo ba, Hadiza ma tana ɗakinta (ko da yake sai da ta yi kwanaki tana turo min tuwo ba magana). Shirin ma bai mutu ba, masu sauraro ƙaruwa suka yi, sai dai na sallami tsohon, yanzu manoma na gaske nake zama da su, da izininsu. Amma in na je gaida Malam na faɗi abin da bai gamsu da shi ba, ina ganin leɓensa ya motsa, sai ya haɗiye ya ce, "Allah ya kyauta." Wallahi gara gorar Ɗanladi.

Don haka duk mai son yin shiri ba fuska, ga nasihar wanda ya sha hayaƙi: ɓoye fuskarka halak ne, amma ka tabbata muryar taka ce. In kuma rumbun mutane za ka shiga, ka yi sallama.