Ruwa Ya Taɓa Zane

A kan ruwa babu abin da ya kai ran ɗan Adam daraja, kuma ba kowa ake damƙa wa amanarsa ba. A jirgin Na-Tumba, Anaruwa aka damƙa wa.

Gidansu yana Tungar Marke, a bakin tafki, kuma abu uku ake lissafawa a cikinsa: tsohuwa Inna Tumba, babban ɗanta Arzika, da Na-Tumba, jirgin katako mai inji da mahaifinsu ya bari, wanda ke kai mutane kasuwar Maikaho duk Talata da Asabar, tafiyar awa biyu. Anaruwa, ƙanen Arzika, shi ne na huɗu, in an tuna. Shekarunsa talatin da shida, ba ya ƙyuya, ba ya ƙarya, ba ya gardama. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka gaya masa shi yake yi. Masu yi wa jama'a nasiha a riƙa jin magana suna da yawa, amma waɗanda suka zauna da Anaruwa sun rage nasihar.

A daminar da ta wuce wani jirgi ya kife a tsakiyar tafki, ba wanda ya sani sai da aka ga buhuna suna yawo. Shi ne ƙungiyar masu jiragen ruwa ta kafa doka cewa kowane jirgi ya sa rediyon oba-oba, a bar shi kunne a lamba sha shida, lambar neman agaji. Sarkin Jirgi Bagudu, wanda babban rediyon ƙungiya ke ofishinsa, ya ƙara da cewa gargaɗi uku ne, kuma duk jirgin da ya cika na uku za a ja shi kan yashi shekara guda. Arzika ya san me shekara guda a kan yashi ke nufi. Daga jirgin nan ake cin tuwo a gidansu. Ga shi kuma shi yana can baya, hannu a kan inji, ƙara ba ta barin shi ya ji ko kiran sunansa, dole wani ya zauna gaba da rediyon. Ya fara ambaton sunayen mutane, Inna Tumba ta ce jirgin na mutum biyu ne, kuma ba ta ga dalilin da za a kawo bare alhali ɗanta na zaune ba. Tun daga ranar hankalin Arzika bai sake kwanciya ba.

Wata rana Sirajo mai haɗa rediyo ya zo daga birni. Ya kafe rediyon a ƙarƙashin rumfar jirgi, ya ja waya zuwa batir, ya ɗaure eriya a kan doguwar gora. Yana aiki yana bayani, cewa maganar wannan rediyon ba ta hawa tudu ba ta zagaya dutse, don haka iya tsawon eriya iya nisan da murya za ta kai, a sa ta inda ya fi ko'ina tsawo. Anaruwa ya ji, ya ɗaga kai ya dubi gorar, ya dubi giginyar da ke bakin mashigi. Ba ya son kunyata baƙo, sai ya jira. Bayan Sirajo ya tafi ya ɗauki ragowar wayar, ya hau giginya da eriyar. Ranar Talata fasinjoji suka cika jirgi, Arzika ya ja inji, suka yi tafiyar taku ashirin lafiya lau. A taku na ashirin da ɗaya rumfar jirgi ta tsaya, jirgin ya ci gaba. Arzika ya tambayi ƙanensa wa ya aike shi.

"Yaya, Sirajo cewa ya yi inda ya fi ko'ina tsawo. Na duba, gora ba ta kai giginya ba."

Arzika ya duba shi ma. Ba ta kai ba.

Wannan karon Sarkin Jirgi ya yafe, ya ce kuskuren farawa ne. Sirajo ya dawo ya gyara, kuma kafin ya tafi ya ja kunnen Anaruwa cewa abu ɗaya ke kashe rediyo, shi ne ruwa, kada ya yarda ya kusanci ruwa. Wata rana suna shirin tashi sai ga Sarkin Jirgi ya zo duba jirage. Ya leƙa ƙarƙashin rumfar Na-Tumba, ya tarar da kusoshi huɗu da bakin waya. Anaruwa ya yi bayani cikin ladabi, cewa ya lura jirgi ruwa ne a ƙarƙashinsa, ruwa a dama, ruwa a hagu, ga hadari a sama, don haka ya kwance rediyon ya kai shi gida. Yana cikin rumbun Inna, a tsakiyar gero, ko raɓa ba za ta gan shi ba. Sarkin Jirgi ya ce lallai gero ya samu tsaro, ya rubuta gargaɗi na ɗaya. Arzika ya kai fasinjojin Maikaho ya dawo da su bai ci ko ƙosai ba.

Wata rana iska ta ɗan taso, jirgi ya yi tsalle, abin magana ya suɓuce daga hannun Anaruwa ya yi lilo a bakin wayarsa, saura kaɗan ya sumbaci ruwa. Arzika ya daka masa tsawa daga baya, ya ce ya riƙe shi gam, kada ya sake shi har su isa. A gefen abin maganar nan akwai madanni, in an danna ana jin ka, kuma muddin kana danne ba wanda zai iya magana a lambar. Anaruwa ya riƙe gam. Kusa da shi Hajiya Ige mai sayar da kifi ce zaune, mace mai faɗin ra'ayi, kuma ranar ra'ayin ya faɗo kan Sarkin Jirgi. Ta yi bayanin irin baƙin da yake shafa wa gemunsa da shagon da yake saya, ta ce shekara ashirin yana sarautar ruwa ba ta taɓa ganin ƙafarsa a jiƙe ba, ta rantse ko a daro aka sa shi sai an kawo masa agaji. Jirage goma sha bakwai suka saurara, awa ɗaya da rabi, ba mai iya katsewa. Shi ma Sarkin Jirgi ya saurara a ofis tare da baƙi biyu.

Da suka iso ya tarye su da kansa. Bai ambaci gemu ba. Ya ce an toshe lambar agaji awa ɗaya da rabi, da wani jirgi ya shiga haɗari a lokacin da sai dai a ji labarinsa, kuma wannan gaskiya ne, shi ya sa Arzika bai iya ɗaga kai ba. Aka rubuta na biyu.

Saura ɗaya. Arzika ya roƙi Inna Tumba ta bari ya canza mutum, ta ce duk abin da yaron ya yi wani ne ya sa shi, a gyara masu sawa. Sai ya sake kiran Sirajo. Suka zaunar da Anaruwa a inuwar giginyar nan, aka koya masa kiran agaji: ya danna, ya faɗi sunan jirgi sau uku, ya faɗi inda suke, mutum nawa, me ya faru, sannan ya saki madanni ya saurara. Sirajo ya gwada shi, ya ce kana ina, Anaruwa ya ce yana cikin jirgi. Aka ce jirgin yana ina, ya ce a kan ruwa. Sai da aka kwashe yini ana bi da shi alama bayan alama, tsibirin Kaɗanya, dutsen balbela, matattun itatuwa, har ya haddace su kamar sunayen 'yan gidansu. Daga ƙarshe Sirajo ya ce kada ya yi kiran sai in ruwa ya shiga jirgi.

Nan gaban Arzika ya faɗi, don jirgin katako bai taɓa rabuwa da ɗan ruwa a gindinsa ba, kuma ya hango ƙanensa yana tara jiragen tafki a kan cikin ludayi ɗaya. Ya zaro wuƙa, ya auna yatsu huɗu daga ƙasan jirgi, ya yi zane mai zurfi a jikin katako.

"Ka ga wannan? In ruwa bai taɓa shi ba, ko kallon rediyon kada ka yi. In ya taɓa, ka kira, ko ni na hana ka."

Ƙarshen maganar ya ƙara shi ne don ta yi nauyi. A shekara goma sha tara da yake tuƙi ruwa bai taɓa kai yatsu biyu ba.

Sati shida aka yi shiru. Anaruwa yana zaune yana kallon zane tun daga Tungar Marke har Maikaho, fasinjoji suna gaishe shi yana amsawa ba tare da ya ɗago ba. Arzika har ya fara cin abinci kamar sauran mutane.

Wata rana, Asabar da hantsi, ruwa kwance kamar an shimfiɗa tabarma, suna wuce matattun itatuwa sai jirgi ya ɗan yi tuntuɓe da wani abu a ƙasa. Ba wani babban tuntuɓe ba ne, amma ya isa ya kifar da babban daron Hajiya Ige, wanda ke cike da ruwa da tarwaɗa masu rai. Jirgi ya kaure, mata na ɗage ƙafa, maza na bin kifi a ƙarƙashin benci, Hajiya na faɗin ra'ayinta game da tuƙin Arzika. Ruwan daron ya gangara gaba, ya taru, ya hau a hankali, ya taɓa zane. Daga can baya Arzika ya ga hannun ƙanensa yana miƙewa. Ya rage inji, ya ce Anaruwa, don girman Allah, ruwan kifi ne.

"Yaya, ba ka ce ruwan wane ba."

Ya danna. "Na-Tumba, Na-Tumba, Na-Tumba. Muna gabas da matattun itatuwa, tsibirin Kaɗanya yana hannun dama. Mutum talatin da ɗaya, awaki huɗu, tarwaɗa ba su tsaya an ƙirga ba. Ruwa ya taɓa zane. A kawo agaji." Ya saki madanni, ya saurara, kamar yadda aka koya masa.

Muryar Sarkin Jirgi ta fito. Ya tambayi daga ina ruwan ya shigo. Anaruwa, da yake ba ya ƙarya, ya ce daga daron Hajiya Ige. Sannan Sarkin Jirgi ya ce su tsaya inda suke, kada su motsa, yana zuwa da kansa, kuma ya umarci jirage biyu da ke kusa su biyo shi, don yana son shaidu.

Arzika ya kashe inji ya zauna. Ya hango Na-Tumba a kan yashi, rana na tsaga katakonsa, kaji na ƙwai a ƙarƙashin benci. Ya hango kansa yana gaya wa Inna. Don kada ya dubi kowa, ya jefa wa Anaruwa ƙwarya ya ce ya kwarfe ruwan, aƙalla a tarar da jirgin a bushe. Anaruwa ya fara kwarfa yana ƙirgawa a bayyane, don haka yake yin komai. Da ya kai arba'in ya tsaya ya tambayi Hajiya ƙwarya nawa daronta ke ci. Ta ce sha biyar, in an cika shi. Ya ce to ya zubar da arba'in, kuma yanzu ba ya ganin zanen.

Arzika ya tsallake fasinjoji ya ture buhunan albasa da ke tsakiyar jirgi. A ƙarƙashinsu katako ya tsage tsawon kamu ɗaya, inda kututturen da suka taka ya bugi jirgin, ruwan tafki na shigowa a natse ba tare da ya dami kowa ba. Ya tura rigarsa a tsagar, ruwan ya turo ta waje. Ya dubi gaɓa, tafiyar minti arba'in ce ga mai inji, kuma a cikin mutum talatin da ɗaya bai san biyar da suka iya iyo ba. Ya buɗe baki zai ce a kira agaji, sai ya tuna an kira tun minti ashirin da suka wuce.

Lokacin da Sarkin Jirgi ya iso, tsaye a gaban jirgin ƙungiya, takardar gargaɗi na uku a rubuce a hannunsa, ruwa ya kai wa fasinjoji ƙwauri. Ya dubi takardar, ya dubi jirgin, ya cusa ta a aljihu. Shaidun da ya gayyato su suka kwashe mata da awaki. Shi ya kama hannun Hajiya Ige ya tsallakar da ita, kuma a yin haka ya jiƙe har gwiwa, abin da ta lura da shi amma a karon farko a rayuwarta ba ta yi sharhi ba. Aka ɗaure Na-Tumba tsakanin jirage biyu aka ja shi zuwa tsibiri. Ba a rasa kowa ba sai tarwaɗa, su kuma ba su kai ƙara ba.

Anaruwa ne ya fita ƙarshe, don sai da ya kwance kusoshi huɗu. Ya sauka a gaɓar tsibiri ruwa har ƙirjinsa, hannuwansa biyu a sama ɗauke da rediyon. Arzika ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce masa sannu. Anaruwa ya ce yauwa, ya kuma tambaya ko zai ci gaba da kwarfa, don ba a ce ya daina ba.

Takardar ta jiƙe a aljihun Sarkin Jirgi, ba a sake rubuta wata ba. A satin da ya biyo ƙungiya ta sa kowane jirgi ya yi zane a yatsu huɗu, kuma a sanarwar an ce shawarar ta fito ne bayan dogon nazari. Na-Tumba ya yi kwana tara a kan yashi ana sa masa sabon katako. Rediyon kuwa ko ɗigo bai taɓa shi ba.