Ranar da Injiniya Dabo Ya Zo da Muryar Inna

Duk Ƙofar Durbi babu wanda Allah ya hore wa ƙwaƙwalwa irin Injiniya Dabo. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma wa ya isa ya musa wa mutumin da ya je kwas ɗin kwamfuta Kaduna ya dawo da tabarau? Da sojoji suka koma bariki, farar hula suka hau, wani ɗan majalisa ya ɗauke shi mai ba da shawara kan na'ura. Tun ranar ya daina amsa Malam. Yaran unguwa na kiransa Danna-Nan, amma sai ya ba da baya.

Babbar hidimarsa ga zuri'a ita ce fitar da su daga duhu. Ya bi ɗaki-ɗaki ya kwashe tsofaffin hotuna. Ya karɓe kaset ɗin da kakarsu, marigayiya Inna Hajo, ta zauna ta jero asalin gidan, har da waƙarta ta daka. Duka ya zuba a kwamfuta. Hotunan ya jingine a buhu, gara ta yi walima. Kaset ɗin kuwa ya ɗauki jawabin ɗan majalisa a kai, don kada ya zauna a banza.

Yayarsa Talatu ce ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Dabo, in abin nan ya lalace fa?"

"Yaya, mi kika sani? Ajiya iri biyu ce. Akwai ta gaba ɗaya, ka kwafe komai da komai a faifai guda. Akwai ta ƙari, kullum na'ura ta duba abin da ya canza tun jiya, shi kaɗai za ta kwafe. In ta mutu, ka ɗora ta ƙari bisa ta gaba ɗaya, komai ya dawo. Da yatsa ɗaya nike juya abin ga!"

Gaskiya ya faɗa. Sai dai ta gaba ɗaya tana cin wuni, babban mutum kuwa ba ya da wunin zubarwa. Sau ɗaya ya yi ta, ya maida na'ura kan ta ƙari, ya kama gabansa. Ran nan ya rasa faifan da zai zuba bidiyon da ya fito yana riƙe wa ɗan majalisa lema. Ya ɗauko faifan gaba ɗayan, ya goge shi tas. "Tsohuwar ajiya ce," in ji shi. "Ƙasa ta canza, gaba muke kallo."

Sai jikar Talatu ta zo duniya, aka ce sunan Inna za ta ci. Injiniya ya yi shela cewa ranar suna marigayiya da kanta za ta yi wa takwararta waƙa. Ana saura kwana kaɗan, wuta ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙauri. Ko a jikinsa. Ya aro wata, ya yi hayar lasifika, ya shigo tsakar gida da tarin faifan ƙari a hammata, mata suna matsa masa hanya.

Faifan farko: Injiniya cikin farar shadda. Na biyu: Injiniya cikin shuɗiya, waya a kunne. Na gaba: takardun ofis, kowace da sabon muƙami a ƙarƙashin sunansa. Da aka zo kan murya, tsofaffi suka gyara zama, wata har ta fara share ido. Lasifika ta yi gyaran murya, sai ga muryar Injiniya yana gwajin jawabi.

"Mai girma... a'a. Masu girma manyan baƙi... a'a, bari in sake."

Talatu ta gyara wa jaririya kwanciya a cinyarta. "Ina Inna?"

Injiniya ya danna nan, ya danna can. Ya cire tabarau, ya mayar.

"Ai Yaya... ita ba ta canza ba. Na'ura abin da ya canza take ɗauka."

Lasifika na ta gaishe da manyan baƙi.

"To kashe abin nan, Dabo," in ji Talatu. "Kai ai muna da kai."