Daraktan Haske da Damin Siminti

Allah ya yi wa Birnin Kudu baiwa iri-iri, amma babbar cikinsu, in ka tambayi Malam Zulkifli, ita ce Malam Zulkifli. Kada wanda ya kuskura ya ce masa mai hoto. Mai hoto shi ne wanda ke bin gidajen biki yana cewa ƙawayen amarya su matso. Shi Darakta ne, Daraktan Haske, sarautar da ya naɗa wa kansa bayan wata bitar ɗaukar hoto da ya halarta a Kano, ya dawo da kyamara mai dogon hanci da falmaran mai aljifai barkatai. Tun daga nan ya daina kallon mutane kai tsaye. Sai ya haɗa yatsu ya yi 'yar taga, ya leƙo ka ta ciki, ya girgiza kai don tausayinka.

To, a wata mararraba cikin gari akwai ƙaton damin dawa na siminti, aikin wani magini mai suna Munzali. Damin ya yi kyau har awaki sun sha zuwa su gwada sa'a. Labarinsa ya kai Gwaram, wata ƙungiyar masu sayar da hatsi ta aiko cewa tana son irinsa a bakin rumfunanta, amma a kawo hoto kafin taronta. Damina ce, aikin gini ya tsaya, gidan Munzali ana ta lallaɓa ɗan abin da ya rage a rumbu. Wannan aikin shi ne zai kai shi kaka. Da ya ɗauka da wayar maƙwabci da an wuce wurin, amma bawan Allah ya ce bari ya je wurin gwani, wato Darakta, har ya yi kuskuren ambata masa zancen waya.

"Waya?" in ji Darakta, kamar an zage shi. "Waya kwafi take yi, ni kuwa gani nake. Hoton titi abu biyu ne, Malam Munzali: tsari da lokaci. Ka raba fili uku, ka san inda kowane abu zai zauna, sannan ka jira rayuwa ta shigo da ƙafarta."

Aka fara jiran rayuwa. Da safe Darakta ya ce hasken ɗanye ne. Da rana ya ce ya ƙone. Da yamma wani gajimare marar tarbiyya ya tsaya inda ba a sa shi ba. Ita kuma rayuwar ba ta fasa zuwa ba, sai dai duk lokacin da ta zo korar ta yake yi. Mai kurar ruwa, jarkokinsa sun cika rawaya. Mai rake ya tsaya a tsakiya, alhali tsakiya wurin jahilai ne. Wata dattijuwa mai tallar daddawa ta ɓullo daga hagu, ya roƙe ta ta koma ta ɓullo daga dama. Ta kalle shi sama da ƙasa, ta tambayi Munzali ko an kai shi wurin magani.

Wannan bai karya masa gwiwa ba, don ya san manya ba a gane su a garinsu. Ya kwanta rubda ciki a gefen kwalta, 'yan acaɓa na kewaye shi. Ya hau katangar wani ba sallama. Munzali na biye da shi riƙe da lema, kullum yana tuna masa ranar taro, kullum ana ce masa fasaha ba ta san gaggawa ba. Kunyar falmaran ce kawai ta hana Munzali neman waya.

Ana gobe taro, da la'asar sakaliya, wata balbela ta gifta. Kyamara ta yi ƙyas. Darakta ya miƙe idonsa cike da ƙwalla, ya ce a shaida, yau tarihi ya sauka a Birnin Kudu. Bai bar Munzali ya gani ba. Ya wanko hoton, ya sa a gilashi, ya naɗe da zane, ya rungume shi a mota har Gwaram.

Gaskiya balbelar ta fito. Fara fat, fukafukai a buɗe, sama ta yi ja a bayanta. Damin kuwa yana can lungun ƙasa, wani baƙin dunƙule dishi-dishi, sai ka ce yatsan wani ne ya tare gilashin. Munzali ya neme shi ya rasa, ya ji kamar ya fashe da kuka.

"Ƙaramin mai hoto shi ke nuna dami," in ji Darakta ga taron. "Ni na ɓoye shi ne don a ji shi a zuciya."

Alhaji Ɗan'azumi, shugaban ƙungiyar, ya daɗe yana duban hoton. Can ya ce su dai dami sun gan shi har sun gaji, a cikinsa suke kwana suke tashi. Tsuntsun nan suke so a gina musu. Munzali bai taɓa gina abu mai baki da ƙafa ba, amma ya tuna rumbunsa, ya ce to. Nan take Darakta ya kafa sharaɗi: tunda tunanin nasa ne, sunansa za a rubuta a gindin aikin, da manyan baƙaƙe, ba sai an cunkusa na magini ba. Kuma shi zai tsaya a kan aikin.

Ya tsaya kuwa. Ta cikin 'yar tagar yatsunsa ya sa aka ƙara wuya, aka rage kai, aka karkatar da fiffike ɗaya saboda tsari. Hannun Munzali kuma dami kaɗai ya sani. Da aka yaye tamfal, sai ga dami mai ƙafa biyu da wuya kamar mariƙin ludayi. Wasu suka kai ƙorafi wurin liman cewa an gina siffar mai rai. Liman ya zo, ya kewaya abin a natse, ya ce shi dai bai san wata halittar Allah da wannan ya yi kama da ita ba, don haka bai ga laifi ba.

An biya Munzali, gidansa ya ga kaka lafiya. Sunan ma ya rubuta shi da zuciya ɗaya, ya zurfafa kowane harafi yadda ruwan sama ba zai taɓa goge shi ba. Mutane kuwa, da suka rasa me za su kira abin, sai suka karanta abin da ke rubuce a ƙasansa. Yau in ka shiga motar Gwaram za ka ji fasinja na cewa, "Direba, sauke ni daidai wutsiyar Zulkifli."