Gammon Inna Daso

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau azara da ƙwaryar nono a ka ba. Ƙarshen zamanin Turawa ne, ina sabon malamin elementare a Azare, na dawo daga kwas ɗin motsa jiki da usur a wuya da gajeren wando. Lokacin ba na iya zama wuri ɗaya, ko tuwo a tsaye nake ci.

Wai bincike nake yi. Na cika takardu da bayani, tun daga layin farko, cewa duk wanda bai yi faretin makaranta ba, ba zai iya sarrafa jikinsa ba. Da wannan nake fatan mai duba makarantu zai sa sunana cikin masu tafiya babban kwas. Gurbi ɗaya ne tak, kuma wallahi na ƙwallafa rai.

Ranar da ya zo, wani dattijo ne mai gilashi, na ɗora azara kan turame biyu a filin makaranta. Sai na tare Inna Daso, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga wajen Gamawa, don in nuna yadda marar horo ke faɗuwa (ku ji rashin kunya).

"Inna, ko za ki taka wannan icen ki wuce?"

"Shi ke nan aikin, ɗan nan?"

Ta hau da ƙwarya uku a kanta, tana taunar goro. Tana tsakiya ta juya ta gaida mai dubawa, ta tambaye shi iyali, ta sauka. Ko ɗigo bai zuba ba.

Maimakon in yi shiru, sai na ce ai sabo ne kawai, a ba ni ƙwarya ɗaya a ga aikin ilimi. Ta sauke kayanta, ta cire gammonta ta miƙo mini.

"Sa wannan, Malam, kanka ba shi da mazauni."

"Bar shi, Inna, kayan mata ne."

Na ɗora ƙwarya a ka, na hau azara. Taku ɗaya, ƙwarya ta zame hagu. Na bi ta da wuya, ƙugu ya tafi dama. Taku na biyu ban san inda na sa shi ba. Na dai ji ni tim a ƙasa, ƙafafu a sama, nono har cikin hanci, usur ya yi ƙara shi kaɗai a bakina. Yara suka fashe da dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Mai dubawa ya cire gilashinsa ya goge kindirmon da ya fantsamar masa, ya miƙo mini takarduna.

"Malam, karanta mana layin farko, da ƙarfi."

Na karanta, nono na ɗiga daga haɓata.

Wani aka tura kwas ɗin. Ni kuwa na shekara talatin a Katagum ana kirana Malam Kindirmo. Tun daga ranar, in tsohuwa ta miƙo mini abu, hannu biyu nake sawa in karɓa, in tambayi amfaninsa daga baya.