Ranar da na yi wa disket fiɗa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da ordinatar, wato kwamfuta, ta fara shigowa biro ɗinmu, ofishinmu na Keita, wajen ƙarshen shekarun tamanin. Aikina a lokacin buɗe wasiƙu ne, a baranda, cikin zafin da ke narka tunani. (Lakkwal, makarantar boko, kuwa na yi, sai dai ni da ita mun rabu tun ba a kai ga jarrabawa ba, kuma ba ita ta nemi saki ba.)

An ware wa na'urar ɗaki mai sanyi. Shugabanmu, Mushe Ilyasu (mushen Faransanci, wato malam), ya ce duk wanda ya iya zuba mata program, wato karatun da take aiki da shi, shi zai zauna ɗakin. Na ɗaga hannu tun kafin Madam Hadiza mai buga takardu ta gyara ɗankwali.

Karatun yana cikin wasu baƙaƙen abubuwa masu kusurwa huɗu da aka aiko daga Yamai, wai su disket. Na juya ɗaya, na leƙa ta wata 'yar taga, na ga wani abu na sheƙi a ciki. Nan ilimina ya motsa: Nasara bai taɓa aiko abu babu ambulan ba. Na zaro wuƙata na tsaga su duka, tsaf, na fiddo faya-fayan, sirara kamar ɓawon albasar Madawa. Har da hannun riga na goge su.

Sannan na kira jama'a su zo kallo. Na tura na farko a bakin na'urar, ya lanƙwashe, ta ɗauki gurnani kamar akuyar da ta haɗiyi leda.

Mushe Ilyasu ya leƙo. "Ina disket ɗin?"

"Ga su nan, mushe. Ambulan ɗin na ba mai shara."

Ya cire tabarau, ya zauna a hankali kamar mai ciwon baya.

Madam Hadiza ta ce, "Malam, kai ko kunkuru anka aiko maka, ai hidda shi za ka yi daga ambulan."

Sababbin disket ba su iso ba sai bayan damina. Madam Hadiza ta zuba su, ita ta gaji sanyin, ni na koma baranda da gumina.

Abin da na koya: ba duk rufaffen abu ne ke jiran wuƙata ba. Jikokina dai ba su yarda na koya ba, don har yau da sun ga ina yanka goro sai kowa ya ɓoye wayarsa.